Akwatin Erizal Mai Kwaɗo Biyu

Akwai wani direba a ƙauyenmu na Bukik Sirah, sunansa Erizal, wanda har yau in ka miƙa masa ƙunshi sai ya tsare ka da tambaya kafin ya karɓa. Baƙi suna cewa ya cika bin diddigi. Mu da muka san shi tun yana cika baki mun san inda ya koyo tambayar, kuma mun san abin da ta ci masa kafin ya koya.

Motoci biyu ne kacal suke iya hawa hanyarmu. Duka jif ne masu ƙofa biyu, tsofaffi, irin waɗanda in za ka shiga baya sai an kwantar maka da kujerar gaba. Ɗaya ta Erizal ce. Ɗayar ta Angku Marjohan ce, dattijon da ya fi shekara talatin yana sauka da kirfa da kofi zuwa birnin Payakumbuh, yana hawowa da gishiri da kalanzir da maganin hawan jinin tsofaffi.

Duk mai saƙo su yake ba wa. Takardar makaranta, zoben da za a kai gyara, garin shinkafa, kaza mai rai, duk a bayan jif suke tafiya.

Sai dai jif mai ƙofa biyu, duk ƙarfinta a cikin laka, ba ta da wurin ɓoye kaya. Bayanta ɗan ƙarami ne, tamfol kawai ya rufe shi. Ka tsaya shan shayi, wani ya zura hannu. Ka faɗa rami, ƙunshi ya yi tsalle ya bar ka ba sallama. Ka ratsa rafi, ruwa ya leƙo ya jiƙa garin mutane. Ga biran Kwanar Dutse, waɗanda sun fi wasu mutanen iya kwance igiya.

Angku yana da tasa dabarar. Kwandunan gora ya ɗaɗɗaure a jikin ƙarfen motar, ya yafa raga a sama, ya ja igiya. Abin da ɓarawo ke so kuwa, a wata tsohuwar jakar fata yake sa shi ya rataya a wuya, ko banɗaki zai shiga da ita yake shiga.

Kuma ba ya karɓar saƙo sai ya tambaya: "Mene ne a ciki? Me yake tsoro?"

In ka tsaya kana kallonsa sai ya ce, "Wani kayan ruwa yake tsoro, wani rana, wani jijjiga, wani kuma ɗan Adam. In ban sani ba, a ina zan ajiye shi?"

Mutanenmu ba sa son haka. A wurinmu, wanda ya ba ka ƙunshi a ɗaure, ladabi shi ne ka karɓa ka ja bakinka. Mata suna ta tsegumi cewa Angku ya san abin da ke cikin ɗakin kowa. Suna ba shi ne kawai don ba yadda za su yi.

Shi Erizal ba ya tambaya, amma wata rana aka yi masa aika-aika. Ya tsaya a kasuwa, wani ya yanka tamfol ɗinsa da reza ya ɗauke jakar wata malamar makaranta, da duk takardun shaidarta a ciki. Erizal ya ji kunya ƙwarai. Kwana uku bai fito rumfar shayi ba.

A rana ta huɗu ya sauka wurin mai walda da zane a bayan kwali.

Akwati aka ƙera masa na ƙarfe mai kauri, faɗinsa daidai faɗin bayan motar. Aka ɗaure shi da noti takwas a jikin daɓen, ko ƙarti huɗu ba za su ɗaga shi ba. Aka zagaye bakin murfin da roba, ko ɗigon ruwa ba ya shiga. Aka raba cikinsa gida uku, aka shimfiɗa soso. Aka shafe shi da baƙin fenti, aka rataya masa kwaɗo biyu.

Ni da nake ba ku labari ba zan yi wa akwatin nan sharri ba. Ya yi kyau. Tun da aka sa shi ko allura ba ta sake ɓata a motar Erizal ba. Ya ratsa rafi da ruwa har ƙofa, takardun mutane suka fito a bushe. Birai suka yi ta jan kwaɗon har suka gaji suka koma kan bishiya.

Nan da nan masu saƙo suka juya gare shi. Ga tsaro, ga shi ba ya tambaya. Angku ya koma ɗaukar buhunan kirfa da saƙon tsofaffin da suka saba da shi.

To, nan fa kan Erizal ya fara kumbura. Makullan nan biyu ya rataye su a wuya da jan zare, in yana magana sai ya riƙa kaɗa su.

Wata safiya muna zaune a rumfar shayi, kowa da kofin shayinsa mai ƙwai, Angku ya iso yana gyara ragarsa. Erizal ya ɗaga murya:

"A'a, ga likitan ƙunshi nan! Angku, yau marasa lafiya nawa ka duba? Kazar can an auna mata jini kuwa?"

Aka kwashe da dariya. Har da ni, ba zan ɓoye ba.

Angku ya yi murmushi ya ce, "Akwatinka ya yi kyau, Zal. Wallahi ya yi kyau. Sai dai jiya na leƙa ƙarƙashin motar, na ga daidai kan salansa ya zauna."

"To ai shi ke nan, kaya su ji ɗumi, kada mura ta kama su."

"Ba kowane kaya ke son ɗumi ba."

"Angku, zamanin kwando ya wuce. Ni ba na hira da ƙunshi. Na kulle, na kai, na buɗe. Wanda ke son a yi wa kayansa tambayoyin kabari ya zo wurinka."

Angku ya ƙarasa gyaran ragarsa. Ya shanye shayinsa ya tafi.

A saman ƙauye, daidai bakin hanyar da ke hawa zuwa unguwar su Angku, akwai wata bishiyar duriyan, mai manyan 'ya'ya masu ƙaya a jiki da ƙarfin wari, ta dangin mahaifiyar Erizal. Kakar kakarsu ce ta shuka ta. Muna kiranta Mai Kurkum, don in ka fasa ɗanta tsokar rawaya ce shar, ga maiƙo, ga wani ɗan ɗaci a ƙarshe da ke sa mutum ya lumshe ido. Duk yankin nan ba irinta.

An sha shuka ƙwallonta. Bishiyoyi sun fito, sun yi 'ya'ya, amma ko ɗaya ba ta ɗauko ɗanɗanon uwar ba. Haka duriyan take, ƙwallo ba ya riƙe hali. Sai dai a yanki reshe a aura shi a jikin ƙaramin dashe. Kowace shekara ana cewa za a yi, kowace shekara ana cewa baɗi.

Bishiyar tana hannun Etek Rosmaniar, ƙanwar mahaifiyar Erizal. Ita mahaifiyar tasa ta rasu shekara shida da suka wuce. Lokacin tana raye, duk shekara ɗan farko da ya faɗo daga Mai Kurkum ita ke ɓoye masa shi a ƙarƙashin gado, ko yana kan hanya sai ya dawo. Warin ya cika ɗakin, kowa ya san inda yake, amma ba mai taɓawa.

Sai aka yi ruwan kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Da asubar rana ta biyar ƙasa ta zaftare, Mai Kurkum ta tuge da saiwarta ta faɗi ta tare hanya.

Etek Rosmaniar ba ta tsaya kuka ba. Ta hau tudun masallaci inda waya ke kamawa, ta kira Uda Darwis, mai auren itatuwa a bayan Payakumbuh. Ya ce mata, "Ki yanko kan rassan, masu kaurin fensir. Ki cire ganyen, ki naɗe su da jiƙaƙƙen zane. Su iso mini yau ɗin nan, ina da dashe a shirye. Amma kada su sha zafi, kin ji ko? Kada su sha zafi."

Ta dawo da wuƙarta ta zaɓi guda arba'in, mafi kyau, ta naɗe. A ranta tana lissafin kowane gida na dangi zai samu tasa.

Maza sun riga sun taru da gatura da injin yankan katako. Dole a buɗe hanya kafin azahar, don unguwar sama akwai mai ciki wata tara, kuma motar Angku tana can ta makale a bayan bishiyar. Motar Erizal ce kaɗai a ƙasa.

Etek ta miƙa masa ƙunshin da hannu biyu ta ce, "Zal, Darwis ya ce kada..."

"Etek, na sani, na sani. Bishiyar uwata ce fa. Wa zai fi ni kula da ita?"

Ya ciro makullansa ya buɗe akwatin, ya kwashe saƙonnin da ke gidan tsakiya, ya kwantar da ƙunshin a kan soso a hankali. Gaskiya da ƙauna ya yi shi, na gani da idona.

Angku ya tsallako gangar bishiyar da ƙafa, laka har gwiwa. Ya ce, "Zal, kar ka sa su a nan. Kawo su gaba kusa da kai. Zan ara maka kwando."

"Kwando? Abin da ya fi komai daraja a gidanmu zan jefa a kwando kamar kabeji? In biri ya ɗauka fa?"

"Biri ba ya cin sanda, ɗana."

Maza suka tuntsire da dariya. Wannan karon Erizal ake yi wa, kuma bai saba ba. Fuskarsa ta canza.

"Angku, da girmanka. Shekara guda ke nan ko tsinke bai ɓace mini ba. Ka kula da kajinka, ka bar mini kayan gidanmu."

Ya rufe murfin, ya danna kwaɗo na farko, ya danna na biyu. Etek ta buɗe baki, ta dubi taron mazan da ke wurin, ta rufe. Ba ta so ta kunyata ɗan yayarta a gaban jama'a.

Hanyarmu in an yi ruwa awa huɗu ce, kusan duka a giya ta ɗaya da ta biyu. Inji yana gurnani, salansa tana ɗaukar wuta. Wajen ƙarfe goma hadari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta.

Da ya sauko gindin dutse, Erizal ya ga ya yi sauri, sai ya tsaya cin abinci a wata rumfa. Inuwar duk manyan motoci sun tare, ya ajiye tasa a rana. Me zai dame shi? Kayansa a kulle suke. Ya ci shinkafa da soyayyen kifi da koren yaji, ya ƙara. Wasu direbobi suka zo kallon akwatin, ya tsaya yana nuna musu notinan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗayansu ya dafa murfin ya janye hannu da sauri. "Kai! Burodi kake gasawa a ciki?"

"Ƙarfe ne, ɗan'uwa, ai dole ya yi zafi. Cikin akwai soso."

Bayan azahar kaɗan ya isa lambun Uda Darwis. Mutumin ya riga ya jera dashe arba'in a inuwa, ya wasa wuƙarsa, ya yayyanka ledar ɗauri.

Erizal ya buɗe kwaɗo biyu ya ɗaga murfi. Tururi ya bugi fuskarsa, da wani wari irin na dafaffen ganyen rogo.

Uda Darwis ya ɗauko ƙunshin yana juya shi daga hannu zuwa hannu don zafi. Ya warware zanen. Ya ɗauki reshe ɗaya ya kankare bawon da farce. Maimakon kore, sai ga ruwan ƙasa, bawon yana saɓulewa da kansa. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Bai bar ko ɗaya ba, sai da ya duba duka arba'in.

Sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya dafa su?"

"Uda, a kulle suke tun daga gida. Ba wanda ya taɓa su. Wallahi ba wanda ya taɓa."

"Na yarda. Ai da an taɓa su da an ji suna ƙonewa." Ya zubar da su a gefe. "Abu mai rai ne wannan, numfashi yake yi. Ka jiƙa shi, ka toshe masa iska, ka ɗora shi a kan wuta. Bishiyar tana nan?"

Sai a lokacin Erizal ya tuna da injin yankan katako.

Ya kira Etek, waya ba ta shiga. Ya kira duk wanda ya sani a ƙauye, ba ta shiga, don ba wanda ke kan tudun masallaci. Ya faɗa mota ya juya. Ko murfin akwatin bai rufe ba, yana ta bugawa a baya duk ramin da ya faɗa.

Awa biyu yana hawa. A mashigin rafi na tsakiya ya hango motar Angku a tsaye a inuwa, dattijon ya duƙa yana ɗibar ruwa da gwangwani. Ganin motar kaɗai ya ba shi amsa, don in ba a share hanya ba, ta ina za ta biyo? Amma duk da haka ya diro yana tambaya.

"Angku, bishiyar... rassan..."

"An gama da ita tun kafin azahar. Gangar an yi katako. Rassan an tura su kwari, ruwa ya tafi da su."

Erizal ya sunkuyar da kai. Ya zauna a cikin laka, ƙato da shi, ya rufe fuska ya fashe da kuka. Ba don kunya yake kukan ba. Uwarsa yake tunawa da duriyan a ƙarƙashin gado. Abin da aka riƙe tun kakar kaka, shi ne ya kashe shi da hannunsa a rana ɗaya, kuma sai da aka gaya masa.

"Na dafa su, Angku. Duka arba'in. Ka faɗa mini, na yi maka rashin kunya. Da wane ido zan kalli Etek?"

Angku ya bar shi ya yi mai isarsa. Bai ce "ai na gaya maka" ba, kuma da ni ne, wallahi sai na faɗa. Da kukan ya lafa sai ya ce, "Tashi ka riƙe mini gwangwanin nan."

Ya zagaya ya buɗe ƙofar fasinja. A ƙasa, wurin ajiye ƙafa, akwai kwando ɗaure da ƙarfen kujera. A cikin kwandon akwai guntun jikin ayaba, tsawon kamu biyu, an tsaga shi an sake haɗewa an ɗaure da igiya, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Angku ya kwance igiyar ya buɗe. Rassa tara ne kwance a ciki, kore shar, da sanyinsu.

Erizal ya ɗago ya dubi Angku.

Angku ya ce, "Da ka tafi na je wurin Rosmaniar. Bishiyar ba ta danginmu ba ce, ba ni da ikon yankar ko ganye. Na ce ta ba ni kaɗan. Ta ce ai Zal ya tafi da su. Na ce na sani, ba ni dai. Masu kyaun duk ta ba ka, waɗannan ragowa ne daga ɓangaren da ya kwanta a inuwa. Kowane rafi na tsaya na ba su ruwa, shi ya sa ka same ni a nan."

"Allah Ya saka maka, Angku. Mu tafi, ina bin ka a baya."

"A'a. Tawa da buhu goma sha biyu a bayanta, in ta kai magariba ta yi ƙoƙari, kuma Darwis ba ya aure da fitila. Taka ta fi gudu. Ɗauka."

Erizal ya ja da baya. "Ni? Bayan abin da na yi?"

"Bishiyar uwarka ce. Kai ka faɗa da safe, kuma gaskiya ka faɗa."

Erizal ya daɗe yana kallon rassan. Ya goge fuska da hannun riga, laka ta ƙara ɓata ta. Sannan ya yi tambayar da ya shekara yana yi wa dariya, da ƙaramar murya:

"Angku... me suke tsoro?"

"Yauwa. Zafi, da iska mai busarwa, da jijjiga. Ɓarawo ba ya cikin lissafi. Ka sa su gefen da babu salansa. Ka ɗaure kwandon ta ɓangare biyu kada ya yi rawa. Rafi uku ne a gabanka, kowanne ka tsaya ka jiƙa buhun. Kuma in ka sake tsayawa cin kifi, ni da kai ne."

Erizal ya yi dariya da hawaye a fuska. Suka ɗaure kwandon tare.

Ya tsaya a rafi na farko, ya tsaya a na biyu, ya tsaya a na uku. Tsakaninsu kuma hannunsa na kan buhun duk lokacin da ya saki giya, yana jin ko ya ɗumama. Rana tana kan bishiyoyi ya shiga lambun. Uda Darwis ya kankare bawo ya ga kore, ya jawo kujerarsa ya fara aiki.

"Kar ka sa rai da yawa," ya ce bayan ya ɗaure na ƙarshe. "Ragowa ne, kuma sun wuni a hanya. Ka dawo bayan sati uku."

Da Erizal ya koma gida ya durƙusa gaban Etek Rosmaniar ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta saurare shi har ƙarshe ta ce, "Laifin namu ne mu biyu. Kai ka ƙi ji, ni kuma na ji kunyar faɗa. Tashi ka ci abinci."

Bayan sati uku aka kwance ledar. Cikin tara, biyu ne suka kama.

Biyu, ba arba'in ba. Gidajen dangi da suka sa rai haƙuri aka ba su, wasu har yau in maganar ta taso sai sun harari Erizal. Ya hawo da dashen biyu a kujerar gaba, a kwandon aro, cikin awa shida, har masu tafiya a ƙafa suna yi masa tsiya. Aka dasa ɗaya a bayan gidan Etek, ɗaya nesa da gangare.

Akwatin kuwa bai yar da shi ba, kuma bai kamata ya yar ba. Ya koma wurin mai walda aka ɗaga shi daga daɓen aka sa katako a ƙarƙashi, aka sake masa fenti fari. A gefensa ya ɗaure kwanduna biyu da raga. Ranar da Angku zai aika da takardun filin matarsa, da kansa ya kawo wa Erizal ya ce, "Waɗannan ruwa da ɓarawo suke tsoro. Sa mini su a akwatinka, ya fi jakata."

Shekara biyar suka wuce. Idon Angku ya yi rauni, ya ajiye tuƙi, ya koma zama a barandar gidansa a unguwar sama.

Wata safiya Etek Rosmaniar ta tare motar Erizal da wani abu a cikin buhu, ta ce, "Saƙo ne. Ka kai wa Angku Marjohan."

Warin ya riga ya gaya masa, amma duk da haka ya tambaya: "Etek, mene ne a ciki?"

"Ɗan farko. Da asuba ya faɗo daga dashen bayan gida."

Ɗan farko nasa ne tun yana yaro, su biyun sun sani. Erizal ya ce, "Me yake tsoro?"

Etek ta dube shi sama da ƙasa. "Direba yake tsoro. Wannan kam kulle shi da kwaɗo biyu, ni kuma ka ba ni makullan, tare za mu."

Haka aka yi. A barandar Angku aka fasa shi, tsokar rawaya shar. Dattijon ya laluba ya ɗauki ɗaya ya sa a baki, ya lumshe ido ya daɗe. Sannan ya tura sauran gaban Erizal.

"Ita ce," ya ce. "Ci, ɗana. Uwarka ce ta ajiye maka."

Darasi: Amana ba kwaɗo kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar ka san abin da aka ba ka. Wani abin in ka kulle shi ka tsare shi, wani kuma in ka kulle shi ka kashe shi, ko kaya ne, ko ɗa, ko zuciyar wanda ya yarda da kai. Sabuwar dabararka tana da kyau, amma kada ta toshe maka kunne daga wanda ya riga ka sanin hanya, kuma kada kunya ta hana ka faɗin gaskiya a lokacin da za ta yi amfani. In ka san wani mai ɗaukar amanar mutane, ko wani da nasara ta fara hana shi tambaya, tura masa labarin nan yau.